Aron Baki

Motar ta sauka Ƙofar Ruwa ran Talata,
da ƙanshin ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Na murɗa makulli, sai wata mace
ta yi magana daga cikin rediyo da Japananci,
tana neman titin da babu shi a Kano.
Yaran gareji suka kwashe da dariya.
Ni ban yi ba.
Na ji ta kamar ni: ta ɓata, amma ba ta bar ladabi ba.

Wata bakwai ke nan da muka kai Tasi'u Dandolo.
Sifanarsa mai lamba goma sha huɗu
na nan rataye a ƙusa,
kowa na zagaye ta kamar rijiya.

Ina gajiya? Ba gajiya.
Yaya haƙuri? Da godiya.
Harshena ya ɗinka mini amsa tun kafin tambaya,
riga ce mai kyau,
sai dai ba ta da aljihun da zan sa dutse.

Don karanta rubutun jikin inji na fara koyo,
da dare, a waya, in an ɗauke wuta.
Na koyi mai, na koyi birki, na koyi ruwa.
Sai wani dare na yi tuntuɓe da kanashii.
Baƙin ciki, in ji wayar.
Na faɗe ta a hankali, ba wanda ya ce mini in yi tawakkali.
Na sake faɗa.

Sabishii: tabarmar da ta yi mini faɗi.
Tsurai: ɗaga ƙafa daga shimfiɗa
bayan an yi kiran assalatu na biyu.
Ochikomu kuwa, wai faɗawa ciki ne,
kamar taya a kwatamin Kurna da damina,
inji na kuka, mota ba ta motsi,
masu wucewa na cewa ka ƙara wuta.

Su ma, ashe, suna da tasu rigar.
Daijoubu, suke cewa. Ba komai.
Can ma akwai mai murmushi a bakin aiki
da tuwon jiya a kwano bai taɓa ba.

Ran Alhamis ina kwance ƙarƙashin mota,
baƙin mai na ɗiga mini a goshi,
ban san bakina na motsi ba.
Baba Mamuda ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara.
Kai, da wa kake magana?
Na ce karatu nake.
Ya ce fassara mini.

Na daɗe ina kallon cikin motar.
Sannan na ce, Baba, ba na barci.
Abinci ƙasa ne a bakina.
Tun da Tasi'u ya tafi, ban dawo ba.
Da Hausa na faɗa, ba ta karye ba.

Bai ce in yi haƙuri ba.
Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.
Yaya ma ka ce sunanta?
Kanashii.
Kanashi, ya ce, kamar sunan wani ƙauye
da ya taɓa kwana a cikinsa.
Ni ma, ya ce.

Ya miƙe ya ciro sifanar daga ƙusa,
ya miƙo mini ita ta ƙarƙashin mota.