Tef ɗin Awo

A Mai Wurno ni tela ne.
Shekara talatin da ɗaya ina taka keke
a rumfar da ke kallon kogi.
Na san faɗin kafaɗar kowa a unguwarmu.
In yaro ya ƙara tsawo, ni ke fara sani,
kafin uwarsa.

Ranar da rugugin ya matso daga wajen Sinja
na kwance kan keken, na naɗe shi a bargo,
na bar ƙafafunsa tsaye a rumfa suna jirana.
Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, Makka suka nufa,
kogi ya riƙe su.
Mu kuma muka ɗora daga inda suka tsaya,
ba talbiya a bakinmu, sai ƙishi.
A kwana na huɗu na ba da kan keken,
aka ba ni jarka biyu ta ruwa
da wurin mutum ɗaya a bayan tarakta.
Barira ta hau, da cikinta.

Yanzu Gadarif. Makarantar firamare, aji uku.
Iyali goma sha ɗaya, zannuwa ne bangonmu.
A allo akwai lissafin da ba a gama ba,
ba wanda ya goge,
ba wanda ya amsa.

Sitt Ihlas, ma'aikaciyar jinya, ta ga tef a wuyana.
Ta ce, Usta, kai mai awo ne? Zo.
Ta ba ni wani, gajere, mai launi uku.
Ba ruwansa da wuya, ba ruwansa da ƙugu,
damtse kawai, na hagu.
Kore, uwa ta koma da ɗanta.
Rawaya, a rubuta suna.
Ja, kar ka ce komai, ɗaga hannu kawai.

Daga hantsi zuwa la'asar ina ɗaga hannu.
Ruwa na zuba, baƙar laka ta riƙe motar kaya a hanya,
kwalin ƙunshin gyaɗa saura biyu,
ana ƙirga su kamar kuɗin marayu.

Ran Talata aka kawo Mahasin, jikar Dafa'allah mai kifi.
Rigar na fara ganewa:
ruwan goro, aljihu ɗaya,
ni na ɗinka ta, Sallar bara.
Na bar mata yatsa uku a lanƙwasa
na ce wa uwar, Yara ba sa jira, za ta cike ta.
Ba a warware lanƙwasar ba.
Rigar ce ta girma.

Na zagaya tef a damtsenta.
Ya wuce kore bai tsaya ba,
ya wuce rawaya.
Sai hannuna ya yi abin da ya saba,
ya sassauta,
ya bar sarari, kamar yadda ake bar wa mai girma gobe.
Rawaya, na ce.

Sitt Ihlas ba ta ɗago daga littafinta ba.
Ta ce, Usta, nan ba a barin sarari.
In ka ji tausayinta ka ce rawaya,
ta koma aji ba komai a hannunta.
Ja shi ke buɗe kwali.

Na ja tef ɗin har ya taɓa fata.
Na ɗaga hannu.
Yarinyar na kallon tsohon tef da ke wuyana,
wataƙila tana jiran in tambaye ta
wane launi take so bana.

Da dare Barira na nishi bayan zane, watanta ya kama.
Na ari allura wajen maƙwabciya,
na zare zare daga bakin rawanina,
na zauna ƙarƙashin allo da fitilar waya.
Tunda nake ban taɓa rage wa yaro riga ba.

Na rage.
Amma ban sa almakashi ba.
Na ninke yadin ta ciki,
na yi masa ɗinki mai sauƙin warwarewa.