Amasra a Watan Biyu

Mun iso ran Juma'a bayan la'asar.
Motar Ankara ta sauke mu, mu biyu rak,
ta juya kamar mai gudun a ba ta aike.
Nermin ta ce, "To, ga tekun da ka ishe ni da shi."
Teku kuwa ya ɗaure fuska,
launin tokar murhu, ko sannu babu.

Kujerun bakin ruwa an kifa su kan juna,
an zarge da igiya kamar awakin da suka yi kwantai.
Shagon askirim da ƙaton kwaɗo,
allon farashinsa na ta kiran yara
da suka koma makaranta tun watan tara.

Mai masauki, Hulusi, tsoho mai hular ulu,
ya zube makullai goma sha ɗaya a tebur:
"Ku zaɓa, duk naku ne.
Ni zan je duba ƙanwata a asibiti.
In na'urar ɗumama ɗaki ta yi gardama,
ku doke ta a haƙarƙari."
Muka zaɓi lamba bakwai don tagarta,
muka kwana a lamba uku don bargonta.

Asabar, ruwa tun asuba.
Muka haye tsohuwar gadar dutse da lema ɗaya,
iska ta juye mana ita ciki waje,
Nermin ta saki dariyar da rabona da ji
tun kafin auta ta kwashe kayanta ta bar mana gida.

A bakin kwata, inda jirage ke hutawa,
Gulizar na ɗinkin taru, yatsunta jawur don sanyi.
Na ce, "Ba kwa kewar baƙi?"
Ta ciji zare ta tofar:
"Da bazara garin nasu ne, mu 'yan aiki.
Sai yanzu nake jin takun maƙwabciyata
in san ita ce."

Gidan abinci ɗaya ne a buɗe.
Ƙananan kifi da aka soya da garin masara,
shayi a kofin gilashi mai siririn ƙugu,
maguna uku ƙarƙashin tebur suna jiran rabo.
Maganar da muka ɗauko tun daga gida,
ta sayar da gidan mahaifiyarta,
tana can ƙasan jaka tare da safa,
ba wanda ya zaro ta.
Sai muka hau ƙirga jirage.
Na ce tara. Ta ce goma.

Lahadi Hulusi bai dawo ba.
Muka naɗe kuɗinsa a takarda,
muka danne da kwanon sukari,
makulli a gindin tukunyar fure.

A mota ta lashi leɓe, ta ce har yanzu gishiri.
Can wajen rabin hanya, idonta a rufe,
ta ce, "Goma ne. Ɗaya na bayan dutse."
Muka wuce ƙauye biyu.
"Kada mu sayar bana."