Lamba Goma Sha Bakwai

Rumfata tana Runjin Sambo, daf da mai faci.
Janareta ɗaya, soket arba'in,
naira ɗari in cika maka batir.
Kowace waya sai na liƙa mata lamba a baya.

Ta goma sha bakwai ta Zayyanu ce.
Gilashinta ya tsage ta gefen hagu
tun ranar da ya zamo daga kan buhunan albasa.
Wata Laraba ya kawo ta, ya ce sai bayan la'asar.
Damina biyu ke nan.

Na san shi tun yana zuwa tambayar wa ya ci ƙwallo.
Ya gama kwaleji, takardar na cikin leda ƙarƙashin katifa.
Ya yi ta sintiri a sakatariya
har masinja ya daina amsa masa sallama.
Daga nan ya koma ƙarshen benci,
ya toshe kunnuwa biyu,
wani da bai taɓa shan ruwan Rima ba
yana ɗiga masa magana
kamar yoyon ɗaki, dare bayan dare.

Dariya ya fara bari.
Sai ya bar bin limaminmu.
Sai ya dubi tsohon da ya koya masa alwala
ya ce imaninsa da sauran gyara.
Ina ji, ina ƙirga canji.
Wutar da muryar nan ta sha, ni na sayar.

Hukuma ta zo a makare, mota uku,
ta kwashi abokansa huɗu,
har da Hali, wanda ko waya bai mallaka ba.
Babu wanda ya tambaye ni komai.
An rufe rijiya da murfin ƙarfe
bayan yaro ya sha ya ƙoshi.

Ranka ya daɗe, in wannan ta iso teburinka:
bindiga tana tare hanya, amma ba ta shiga kunne.
Mutumin can kullum yana kiran Zayyanu da sunansa,
yana tambayar ko ya ci abinci.
A ofishinku cewa aka yi ya dawo Litinin.
Ku saki Hali.
Ku riga baƙo sanin sunan yaranmu.
Ku bar ƙofa ɗaya ba sakata,
don wanda ya gaji da daji ya san inda zai ƙwanƙwasa.

Ige, uwarsa, takan biyo duk Juma'a,
ta tsaya nesa da hayaƙin inji.
"Ta yi ƙara?" Na ce a'a.
"Mi niy yi mai da yat tahi bai ce min komi ba?"

Ban taɓa barin batir ɗin ya mutu ba.
Jiya, ina naɗe wayoyin wuta,
sai ta yi haske, baƙuwar lamba.
Kafin in goge hannu
ta ɗauke.