Gishirin Hanya

A Ishpeming rabin shekara hunturu ne,
ana barbaɗa wa titi gishiri
kamar naman da za a ajiye.
Ƙanƙara ta narke, kowa ya isa gida.
Abin da gishirin ke ci daga ƙasa
ni nake ganinsa, a kwance, da tocila a baki.

Ran Talata Eino Rautio ya kawo jif ɗinsa,
koriya, shekararta ashirin da uku,
kujerar direba ta haddace bayansa.
Ya ce, "Wilma, akwai wata ƙara a baya,
kamar ana taunar tsakuwa."

Na ɗaga ta. Na ɗauko ƙaramar guduma
na ƙwanƙwasa aksul ɗin baya.
Lafiyayyen ƙarfe yakan amsa sallama.
Wannan shiru ya yi,
sannan ya zubo mini ɓawon tsatsa a fuska.
Na danna babban yatsa. Ya shige.

Na faɗa masa kuɗin sabo.
Ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.
"Ki yi mata walda."
Na ce ruɓaɓɓen zane ba ya riƙe allura.
Ya ce Marjatta na da wankin ƙoda jibi,
asibiti kuwa ba ya matsowa don kowa.
Na rubuta a takarda: kada a tuƙa.
Ya sa hannu. Ya tuƙa.

Sauran daga bakinsa na ji.
Gangaren tafki, gudu bai kai ya kawo ba,
Marjatta na gyangyaɗi da bargo a cinya,
sai bayan motar ya durƙusa.
Wata taya ta wuce shi ta hagu
tana sauri kamar wadda aka aika,
har ya yi tsaki, ya ce wane sakarai ne
ya saki tayarsa a hanya.
Sitiyari ya zama faranti a hannunsa.
Ya taka birki, bai tarar da kowa ba.
Juyi ɗaya da rabi,
tudun dusar ƙanƙara ya tare su da ƙirji.

Marjatta ta buɗe ido ta ce, "Mun iso?"

Ko ƙwarzane babu.
Ajali ya leƙo ta taga, ya duba, ya wuce.

Da aka jawo gawar motar gareji
na buɗe aljihun gaba ina neman takardu.
Ga wasiƙar kamfani, shekara tara, ba a buɗe ba.
Na san irinta: a kawo motar, a duba aksul, kyauta.
A bayan ambulan, da rubutun Marjatta:
madara, kofi, batir, abincin kare.
An soke duka huɗun. An sayo.

Ban nuna masa ba.
Na miƙa masa makullin tawa,
ita ma tsohuwa, ita ma 'yar wannan titi,
na ce ya riƙe har ƙanƙara ta kau.
Ya kasa godiya, ya yi tari, ya ja.

Na wanke giris, na kashe fitila,
sai na tsaya cik a bakin ƙofa
ina ƙirga shekarun da na kwashe
a ƙarƙashin motocin mutane.
Yaushe rabon da in kwanta ƙarƙashin tawa?

Na kira wayarsa.
Ta yi ƙara a kan teburina,
kusa da guduma.