Baƙi Masu Gidan Gilashi

Ranar Lahadi na buɗe asibitin haƙori,
Jidda ba ta gama miƙa ba,
na kunna fitilar tankin kifi, sai na ga
farin yashin da na shimfiɗa sati uku da suka wuce
ya koma kalar gindin butar shayi.
Duwatsu sun yi tsatsa, alhali ba ƙarfe a cikinsu.
Murjanin da Dakta Muwaffaƙ ya zuba wa kuɗi
ya tsuke baki,
kamar masu zama a kujerun nan suna jiran a kira sunansu.

Na sa soso na goge.
Kafin azahar abin ya dawo.
Na sake gogewa.
La'asar ya dawo da danginsa.

Kifin nan mai ratsin lemo da fari
ya leƙo daga kogonsa yana kallona,
ni da sosona, shi da shirunsa.

Na kai ƙara Bangala, wurin Baba Ilu,
wanda ya shekara arba'in yana fere kifi
har hannunsa ya koyi ƙamshin Bahar Maliya.
Bai ɗago daga wuƙarsa ba.
Ya ce, Sadisu, ruwa ba ya tsami banza.
Me ka ba su suka ci?

Na yi shiru, don na tuna.
Alhamis ɗin da matatar ta gaji,
na ƙi jiran sabuwa,
na tari ruwan tanka kai tsaye daga famfo,
na kwaɓa gishiri a bokiti, na juye,
na ce wa zai sani.

Dubi abin dariya:
teku na nan, tafiyar minti goma,
an cire masa gishiri an turo mana a bututu,
ni kuma ina sayen gishiri a buhu
ina mayar masa da abin da aka ƙwace.

Talata, Dakta ya kankaro ɗan ɗigo a kan gilashi,
ya sa a madubin ƙara girma, ya ce, zo.
Na rufe ido ɗaya.
Wallahi na zaci datti zan gani.
Sai ga jiragen ruwa ƙanana,
wasu kamar allura, wasu kamar faifai,
kowanne da zanen da ba magini da zai iya.
Ya ce sunansu dayatom,
silika suke tsotsa daga ruwa da sabon yashi,
da ita suke gina ɗakinsu, gilashi tsantsa.
Baƙi masu gidan gilashi
sun sauka a gidan gilashi.
Ni na buɗe musu ƙofa, ni na kawo musu bulo.

Daga nan na daina faɗa, na koma rowa.
Sabuwar matata, ruwa tas kamar hawayen jariri.
Fitila awa goma, na mayar da ita shida.
Abincin kifi, abin da yatsu biyu suka ɗauka, ba ƙari.
Duk Juma'a da safe na zuƙe saman yashi da tiyo,
na zubar da bokiti biyu, na mayar da biyu.
Na kawo dodon koɗi goma sha ɗaya,
ɗaya ya mutu a hanya, zafin mota.
Sauran suka hau gilashi suna kiwo,
kowanne na jan farar hanya a bayansa
kamar mai noma da ba ya duba rana.

Sati na farko, babu labari.
Na biyu, na kusa sayen maganin kwalba,
Baba Ilu ya ce bar shi, yunwa za ta yi maka aikin.

Sati na biyar
wata yarinya mai kumburin kunci
ta manna goshi a gilashin, ta manta da kukanta.
Murjani ya buɗe, yana kaɗa yatsu a ruwa.

Akwai ɗan lungu bayan dutsen hagu
inda ruwan ƙasar nan bai gama tafiya ba.
Soso na hannuna.
Na tuna jiragen.
Na bar wa dodon koɗi.