Takardar da Ke Jikin Firji

Yau kwana tara ruwa na zuba a Vancouver,
takardar kotu na maƙale a jikin firji,
wurin sa hannu fayau, yana kallona.

Sau biyar ke nan ana ƙwato Lorne daga bakin kabari.
Na ƙarshe a lungun bayan titin Hastings,
wata yarinya mai shuɗin gashi ta fesa masa magani a hanci,
ya farfaɗo yana zaginta
wai ta sa ya yi asarar dala ashirin.

Maƙwabciyata Harjit ta ce kul na sa hannu.
Nata ɗan kwana casa'in aka kulle shi,
ya fito da kumatu, ya yi ɓulɓul kamar ango.
Ran na uku ya sha daidai yadda ya saba,
ashe jiki ya manta.
A bahon wanka ta same shi.
Ta ce, "Noreen, ba a yi wa mutum aski ba ya nan."

Yayana Wendell ya buga tebur har shayi ya zube:
"Wanda ruwa ya ci, wa ke neman izininsa?
Ni ɗaure ni aka yi a Prince George,
na tsine wa kowa, har mahaifiyarmu.
Yau shekara ashirin da biyu. Ga jikokina.
Gawa ce za ta mori 'yanci?"

Duk su biyun na yarda da su,
abin da ya hana ni barci ke nan.

Ran Lahadi sai ga shi ya zo, sharkaf,
ya ci ƙwai huɗu, ya gyara mini famfon da ke ɗiga,
hannunsa bai manta sana'ar ubansa ba.
Ya tsaya gaban firji ya karanta har ƙasa.
Na jira faɗa. Bai yi ba.

Ya ce, "Mama, a watan Maris da ƙafata na je.
Suka ce babu gado, in dawo bayan wata huɗu.
Na roƙa an hana ni.
Yanzu in an kamo ni, gadon daga ina zai fito?"

Ya gyara wa takardar zama, don ta karkace,
ya ɗauki lemar ubansa ya fita.

Famfo ya yi shiru.
Biro na hannuna tun la'asar,
na buɗe murfin, na rufe,
ina sauraren jiniyar motar asibiti,
ina ƙirga ko ta wace unguwa ta nufa.