Sandar da Ke Cikin Sitiyari

A garejin Suwame, bayan ruwan la'asar,
jar laka ta kama takalmin kowa.
Kwabena ya shigo da tasinsa yana huci:
sitiyari ya ƙi, in ji shi,
tun daga Kejetiya yake kokawa da shi kamar mai kayar da sa.

Masta Mutaru bai tanka ba.
Ya kwance wuyan sitiyarin, ya shimfiɗa a kan kwali,
ya kira ni da haɓa.

Ka ga wannan sandar ƙarfen?
Kaurinta bai kai ɗan yatsana ba.
Kanta na sama yana bin hannun direba,
na ƙasa yana jin taurin kan taya.
In hannu ya ce mu tafi, kwalta ta ce a'a,
ita ke murɗuwa a tsakani,
kaɗan,
abin da ido ba zai rantse a kai ba.

Zoben maganaɗisu ya goce da faɗin gashi,
wani ɗan ƙwayar abu ya ji gocewar,
ya kai wa kwamfuta labari ta waya biyu,
shaidu biyu ke nan.
In bakinsu ya zo ɗaya, injin lantarki ya sa kafaɗa.
In sun saɓa, ya janye hannunsa,
fitila ta kama, direba ya sha nauyinsa shi kaɗai.

Ba ruwanta da nisan juyi, yaro.
Wahalar hannu take aunawa.
A cunkoson Aboabo taimakon ya yi yawa,
a titin Tamale, mota na gudu, ya ja baya,
kada alheri ya jefa mutum a rami.

Ashe waya ɗaya ce tsatsa ta ci.
Muka goge. Kwabena ya juya da yatsa biyu,
ya yi dariya, ya rage mana sidi goma.

Da magariba muka ɗaga giyar wata tsohuwar bas,
ni da Masta, gefe da gefe.
Ta cikin ƙarfen na ji hannunsa yana rawa.
Shekara talatin da tara yana wannan ɗagi.
Ban dube shi ba.
Na zura tafina ƙasa, na ƙara kaɗan,
daidai abin da ya rasa.

Muka ajiye. Ya goge hannu a wando,
ya ce, yau ba ta da nauyi.